Icen da Hayaƙi ke Ratsawa

Da gaz bai ƙare mata ba a safiyar nan, da Madam Zuliha ba ta hura murhu ba, da kuma abin da ke jiran mutane a Tsibiri ya same su. Sai a taru a ce ƙaddara ce, a yi addu'a, a ci shinkafa, a watse.

Ranar sunan jikanta ce. Ɗiyarta Rahma ta haifi namiji a gidan surukanta can Tsibiri, ta kuma aiko Maraɗi cewa kunun gyaɗar kowa ba ya shiga cikinta sai na uwarta. Saboda haka Zuliha ta jawo buhun guntayen katako da autanta Hafizu ke kawo mata daga shagonsa na kafinta, ta zazzage gindin murhu. Yawancinsu ragowar katakon Chaibu ne, mijin Rahma.

Gidan su Chaibu motoci suke shigowa da su tun hanyar Kwatano na buɗe, kuma a wata kwantena daga Amurka aka cike gurbin da ya rage da falankai masu kauri. Chaibu ya ce sunan icen shen, jan shen. Kafintocin Maraɗi kuwa katako iri biyu suka sani. Akwai fari, mara nauyi, abincin gara. Akwai ja, mai nauyi, wanda ake kawowa daga kurmi, ruwa ba ya cinsa. Iyakar karatun ke nan, kuma ya daɗe yana ciyar da su. Da baƙon ya zo suka ɗaga suka ji nauyi, suka kankare suka ga ja-ja, suka ce ai ɗan gidan ja ne. Hafizu aka ba aikinsa, tunda ɗan gida ne. Ya yi gadaje da ƙofofi da kujeru, yana dawowa yana ba ta labari kamar wanda ya yi sabuwar budurwa: ƙusa ba ta shigarsa sai an huda, in ana yanka shi yana ɗan warin tsami, in aka goge aka shafa berni, man sa katako sheƙi, zanen jikinsa ya fito kamar rairayin gulbi bayan ruwa ya janye.

Wuta ta kama, ta ɗora tukunya, ta zauna tana jira. Nan idonta ya sauka kan wani guntu, rabinsa a wuta rabinsa a waje. Daga bakin da ke waje, inda zarto ya yanke, hayaƙi ke fita. Ba tsagewa gare shi ba. Daga cikin naman icen yake fitowa, zare-zare, kamar ana tace shi da rariya.

Wata da sai ta ce ikon Allah, ta ci gaba da damunta. Zuliha kuwa a lakwal, makarantar boko, ta ƙare ƙuruciyarta tana koyarwa, tana hana 'ya'yan mutane cewa "haka aka ce", kuma ta aje aikin halin bai aje ta ba. Ta ɗauki wani guntun da bai shiga wuta ba, ta kai shi kusa da tabarau. Bakinsa cike yake da 'yan ƙofofi a jere, kamar an tsattsaga da allura. Ta tsoma baki ɗaya cikin robar ruwan sabulu, ta sa ɗayan a bakinta, ta busa.

Kumfa ta taso.

Ta sake busawa, ta sake tasowa. Icen da iska ke shiga ta nan ta fita ta can, ruwa fa? Sai ta tuna bara ta cusa wani guntu ƙarƙashin randa don ta daina girgiɗi. Ta karkata randar ta zaro shi. Ya yi baƙi, ya fi baƙi wajen wata tsohuwar ƙusa da ke jikinsa, kamar an zuba tawada. Ta danna farce, farcen ya shige kamar cikin dafaffen rogo.

Ta zauna a ƙasa ba ta san ta zauna ba.

A tsakar gidan Tsibiri akwai rijiya, mai faɗin baki, wadda marigayi Alhaji Idirisa, uban Chaibu, ya gina tun yana saurayi. Da famfo ya zo aka daina ja. Da akuya ta faɗa ciki aka ce a cike ta, Hajiya Salima, matar marigayin, ta ce sai dai a fara cike ta ita. Aka ce to a zuba siminti, ta ce in famfo ya ɗauke fa? Sai Chaibu ya raba gardama: a rufe da katakon Amurka, ran da aka so a ɗaga. Hafizu ya gitta ginshiƙai, ya buga falankai, ya goge, ya zama dandamali kamar babban gado. Aka yi rumfa a kai, aka shimfiɗa leda da darduma. Damina uku ke nan. Kuma duk Tsibiri an san wurin, don ko bazara ta yi yaya, in ka zauna a kai sai ka ji wani sanyi na tasowa ta ƙarƙashinka. Mutane suka ce halin katakon ne, daga ƙasar ƙanƙara ya zo da sanyinsa.

A kansa ake zaunar da mai jego ranar suna.

Ta sauke tukunyar, ta kira autan a waya. Bayansa hayaniyar maroƙa ce.

"Inna, kina ina? An raɗa suna tun ɗazu, Idirisa. Angonki sai kuka yake, wai amarya ta guje shi."

"Auta, murfin rijiyar nan, ka shafa mashi wani abu ta ƙasa?"

"Ta ƙasa? Wa ke kallon ƙasa?" Ya yi dariya. "Inna, jan katako ne fa. Ni da ke duk sai mun riga shi."

Ta kashe wayar. Ta jefa guntayen biyu cikin jaka, mai lafiyar da ruɓaɓɓen, ta ja mayafi ta fita bakin hanya ta tsai da ɗan kabu-kabu mai babur. Ita da kullum take mintsinin masu moto su rage gudu, yau da yaron ya waiwayo ya ce, "Hajiya, in taka?" cewa ta yi, "Taka."

Ƙofar gidan cike da maza, manyan riguna ƙarƙashin rumfa, an feɗe raguna an rataye. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi wa Hafizu alama, suka koma lungun katanga. Ta miƙa mashi mai lafiyar ta ce ya busa a tafin hannunsa. Ya busa yana murmushi, murmushin ya tsaya. Ta miƙa mashi baƙin. Ya danna da babban yatsa, ya daɗe yana kallon ramin da yatsan ya bari.

"Wannan cikin ruwa ya shekara, Inna. Wancan kuwa ruwan na can ƙasa, nesa, bai taɓa shi ba."

"Murfin tukunya ma ba ya taɓa miya. Ka taɓa ɗaga shi ka same shi a bushe?"

Ya waiwaya wajen rumfa. Chaibu na can tsakiya cikin farar shadda, kusa da shi wasu manyan kafintocin Maraɗi da aka gayyato, waɗanda tun farko ba su ji daɗi da aka ba yaro aikin ba.

"Inna, don girman Allah." Muryarsa ta koma ta yaron da ya fasa kwano. "Falankan nan kaurinsu ya kai yatsa uku. Jiya ma mata sun kwana a kai. Ki bari a watse, gobe da sassafe ni da kaina zan ɓamɓare in duba. Ƙofofin sabon gidansa duka ni ya ce zai ba. In kika yi maganar nan yau gaban mutanen can, ko kujerar tsugunno ba mai sake ba ni a Maraɗi."

Ta dube shi. Hannuwan ubansa gare shi, har tabon kurfin sassaƙa a wuri ɗaya. Ta karɓe guntayenta ta shige cikin gida.

Tana fita daga zaure ta hango murfin rijiyar. Rumfar ta sha ado, dandamalin ya ɗauki mata kamar faifan da aka cika da waina. Rahma na tsakiya, ta sha lalle, jariri a cinya. Gefenta Hajiya Salima, mace mai jiki, zinariya tun daga wuya har yatsu, tana jan tasbaha tana ba da umarni a lokaci guda.

"Lale da Madam! Sai yanzu? Mun ce ko sai an buga maki ƙararrawa kamar 'yan lakwal. Hawo, hawo ki ga mai sunan Alhaji. Ku matsa mata."

"Nan ma ya isa, Hajiya, gwiwa ce ta matsa min. Barkanmu da arziki."

Ta zauna a gefe, inda katakon ya hau kan ginin bakin rijiyar. Sanyin ya taso mata ta cikin zane. Ta yi kamar tana gyara takalmi, ta cusa hannu ƙarƙashin darduma, ta ɗaga ledar kaɗan. Bayan ledar jiƙe yake. Kowace ƙusa ta yi zoben baƙi a kewayenta. Ta zaro mabuɗin ɗakinta ta danna kusa da zoben da duk ƙarfinta.

Bai shiga ba. Tauri kamar dutse.

To. Wataƙila Auta ne da gaskiya. Me ta sani game da katako, ita da alli ta riƙe duk rayuwarta? Guntu ɗaya ƙarƙashin randa ba shi ne shaida ba. Ita ce kullum ke cewa tsuntsu ɗaya ba ya zama garke. Ta saki ledar. Ta fara tunanin yadda za ta ce wa Rahma kunun bai samu ba.

"Matan Jiratawa sun taso," wata ta faɗa tana cire waya daga kunne. "Mota biyu, da masu kiɗan ƙwarya."

Aka ɗauki shewa. Wata tsohuwa ta bugi katakon da tafin hannu, ya amsa, dum. "Yau ganga za ta sha duka. Kun tuna bikin Mansura? Har bakin kasuwa anka ji ƙafar Gwaggo Rabi."

Matan Jiratawan gwaggonnin Chaibu ne, manoman zogale da albasa, mata masu ƙashi, waɗanda ba sa rawa a ƙasa in dai akwai dandamalin nan, don yana amsa ƙafa kamar ganga. Zuliha ta dubi tsakiyar dardumar, inda ɗiyarta ke zaune. Ko idonta ne, ko wurin ya ɗan lotsa kamar katifar da ta tsufa.

"Hajiya," ta ce, da murya yadda kowa zai ji, "yarinyar nan tun yaushe take zaune cikin sanyin nan? Ɗanyen jiki fa gare ta. Sanyi ya shige ta ta ƙasa, wa zai fitar da shi?"

Dariya ta fashe. Babu wadda ba ta san Madam Zuliha ba, wadda ta hana a yi wa ɗiyarta wankan tafasasshen ruwa, ta zubar da kunun kanwa a kwata, ta ce sanyin jego tatsuniya ce da tsofaffi suka ƙaga don su dafa 'ya'yan mutane.

Hajiya Salima ta aje tasbaha ta tafa hannu. "La'ilaha! Ku zo ku ji, yau boko ya musulunta. Madam, ke ce da bakinki? Shekara nawa muna faɗa maki kina kawo muna littafi?"

"Tsufa ne, Hajiya. Na gane kun fi ni gaskiya."

Maganar ta yi mata ɗaci kamar maɗaci, amma ta biya. Hajiya ta ji daɗin nasarar har ta manta da gardama. "Kun ji ko? Tashi, ɗiyata, koma ɗaka, uwarki ta ga haske." Rahma ta tashi tana kallon uwarta da mamaki. Zuliha ta bi ta da ido har ƙafar ɗiyar ta taɓa ƙasa. Ta karɓi jaririn, ta bi ta ɗaki.

Ɗakin da zafi. Rahma ta hau gado tana ba yaro nono. Zuliha ta zauna bakin gadon, shi ma aikin Hafizu ne, na katakon nan, sumul, ko motsi ba ya yi. Nata sun fita. Ɗiyarta da jikanta suna kan ƙasa mai tauri, ɗanta na waje da sunansa a wanke. In ta yi shiru zuwa magariba, kowa ya tafi gida, gobe Auta ya zo ya duba a asirce. Ba wanda zai taɓa cewa ta yi laifi. Ba ma wanda zai san ta sani.

Guɗa ta tashi daga zaure. Matan Jiratawa sun iso.

Ta miƙe.

Kafin ta kai, an kifa ƙore a bakin rumfa, an fara gwada su da 'yan sanduna. Baƙin na ta hawa suna gaisawa, kowace da nauyinta da na kayanta. Zuliha ta zagaya ta bayan Hajiya, ta miƙa wuya daga gefe, ta yi mata raɗa. Ta faɗi hayaƙin, ta faɗi randar, ta faɗi zoben ƙusa. Ta ga wuyan Hajiya ya ƙage.

"Af. Ashe sanyin jegon ke nan." Ba raɗa ta yi ba. "Kin ɗauke naki, sannan kin zo ki yi muna baki. Rijiyar ga, Madam, tun ba a haifi mijin ɗiyarki ba muke sha cikinta, ba ta taɓa cin kowa ba. Ranar da anka maida sunan mai ita, ranar za ki ce za ta haɗiye mu? Wane irin fata ne wanga?"

"Hajiya, ban ce za ta yi ba. Na ce a sauka a duba."

"Ɗanki ya yi aikin. In ruɓaɓɓe ne, je ki faɗa wa mai gidan da ya biya shi. Ni ba ni tada baƙi daga zaune." Ta juya wajen masu ƙwarya. "Ku buga muna, ku ƙyale 'yan boko."

Hajiya ta san abin da ta yi da ta tura ta wajen suruki. Tun da aka ɗaura auren Rahma, Zuliha ba ta taɓa kallon Chaibu ido da ido ba, ba ta taɓa cin abinci inda yake ba, sunansa bai taɓa fita bakinta ba. In ya zo gaishe ta a Maraɗi daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana bayan labule, su yi gaisuwar su rabu. Cikin duk al'adun da ta yi wa tawaye, wannan kaɗai ta riƙe, don ita ta ga amfaninta: surukin da ba ka saba da shi ba, ba ka faɗa da shi.

Kiɗa ya tashi. Ƙafar farko ta sauka kan katakon, dum.

Ta ɗebi ruwa a moɗa daga randar zaure, ta fita ƙofar gida. Maroƙin da ke tsakiyar kirari ya ga mace ta ratso cikin maza fuska a buɗe, ya haɗiye sauran. Ta wuce Hafizu ba ta dube shi ba. Ta tsaya gaban farar shaddar.

"Chaibu."

Kamar an ɗauke wuta. Chaibu ya zabura zai durƙusa, hularsa ta kusa faɗuwa, idonsa na neman inda zai sa kansa. "Inna... lafiya? A kira... wani ya..."

"Tashi, ba gaisuwa na zo ba. Riƙe wannan. Tsoma nan. Busa."

Babban ɗan kasuwa, gaban abokan cinikinsa na Kano da na Katsina, da guntun katako a baki kamar yaro da rake. Wani ya fara dariya ya fasa. Kumfa ta cika moɗar. Ta sa mashi baƙin guntun a hannu, ya matse, ya marmashe a kan shaddar.

"Katakonka ne, duka biyun. Wannan shekara ɗaya ya yi ƙarƙashin randa. Uwarka da gwaggonninka suna rawa kan ɗan'uwansa, bisa rijiya."

Wani tsohon kafinta ya ce daga kujerarsa, "Hajiya, jan katako ba ya..."

"Malam, na ji. Kowa ya faɗa min. Ba wanda ya leƙa."

Daga cikin gida amon na zuwa ta ƙasa, har cikin tafin ƙafa, dum, dum, dum. Chaibu ya dubi Hafizu. Hafizu ya dubi ƙasa. Wannan ya ishi Chaibu. Ya tattare riga ya ruga ciki, abin da bai yi ba tun yana yaro.

"Ku tsaya! Ku tsai da kiɗan! Kowa ta sauka, a hankali, don Allah a hankali, ta gefe!"

Suka sauka suna gunaguni, wata na neman takalmi, Gwaggo Rabi na cewa ita ba a taɓa katse mata rawa ba ko a gidan sarki. Maza sun cika bakin zaure suna leƙe. Dandamalin ya zama fili, sai mutum ɗaya. Hajiya Salima ta gyara zama a tsakiya, daidai inda ya lotsa, ta ɗauki tasbaharta.

"Hajiya, ki yi wa Allah," in ji Chaibu. Ya ɗaga ƙafa zai hau.

"In ka tako, ban yafe ba. Ni za a kunyata cikin gidana? Nan nike zaune har magariba, kowa shi gani da idonshi. In Alhaji na kirana ta rijiyarshi, to na amsa."

Ba mai iya ɗaga ta, ba mai iya hawa. Zuliha ta duba ta ga duk idanun sun dawo kanta, ita da ta kunno wutar. Ta cire takalmi. Ta ɗage bakin dardumar ta ga inda layin ƙusoshi ya bi, nan ginshiƙi yake, ta taka a kai tana bi kamar mai tsallaka gulbi a kan gungume. Ƙarƙashin ƙafarta katakon ya yi wani ɗan numfashi. Ta kai, ta zauna gab da Hajiya, kafaɗa na taɓa kafaɗa.

"Sauka, Madam," in ji Hajiya ta gefen baki.

"Jika ɗaya gare mu yau. In zai rasa kaka, ya rasa duka biyun, kar wadda ta rage ta sha gori."

"Ke dai kin cika baƙin naci."

"Haka mijina ya ce har ya mutu."

A gidan duka ko ƙwarya ba mai taɓawa. Sanyin na tasowa, yanzu da wani wari a cikinsa, na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Idan har magariba ba abin da ya faru fa? Ta kira sunan surukinta gaban duniya, ta kashe kasuwar ɗanta, a kan hayaƙi da kumfar sabulu. Ta kama kanta tana roƙon abu biyu da ba sa haɗuwa: katakon ya riƙe, kuma kar ya zama ta yi ƙarya.

Sai ƙarƙashinsu wani abu ya ce ƙas, kaɗan, kamar an karya kara. Shiru. Shirun ya yi tsawo har ta ɗauka kunnenta ne. Sannan can ƙasa, nesa, cuɓul.

Tasbahar Hajiya ta tsaya.

"Mi ne ne wanga?" Yanzu raɗa take yi.

"Ban sani ba, Hajiya. Tun ɗazu ban ce na sani ba."

Wani ya sake saki, ya fi na farko girma. Wannan karon wurin da suke zaune ya ɗan sauka, kamar raƙumi zai durƙusa. Hannun Hajiya, da zobbansa duka, ya kama cinyar Zuliha ya matse.

Hajiya Salima ta ɗaga kai, ta dubi rana ta gefen rumfa, ta ce da muryar da take aiken 'yan aiki, "Wai azahar ba ta yi ba? Kun bar ni zaune ba alwala."

"Kar wanda ya hawo," in ji Zuliha. "Hajiya, kar ki miƙe. Da zaune."

"Dama ƙafata ta yi barci."

Haka suka taho, tsofaffi biyu, da jan gindi, bisa layin ƙusa, leshi mai tsada na sharar darduma, gaban Tsibiri da Jiratawa da baƙin Kano. Ba wanda ya yi dariya. Da suka kai gefe Chaibu ya cafke uwarsa, matan suka cafke Zuliha, suka zaunar da ita kan turmi.

Ba wanda ya ce wa Hafizu ya yi. Shi ya je ya ɗauko ƙarfe a motonsa, ya naɗe darduma da leda, ya kwanta rubda ciki a kan ginin, ya sa ƙarfen ƙarƙashin falanki na fari. Ƙusoshin ba su yi gardama ba. Ya juya shi. Samansa na sheƙi, zanen rairayin gulbi na nan yadda ya bar shi. Cikinsa baƙi ƙirin, da farin gashi-gashi kamar auduga, rabin kaurin ya tafi. Ya miƙa hannu ya taɓa ginshiƙin tsakiya, inda kansa ya shiga gini, ya dawo da shi cike da dunƙule, kamar jiƙaƙƙen dussa.

Tsohon kafintan ya matso ya leƙa, ya daɗe. "Ikon Allah," ya ce. "Kuma ja ne."

Hajiya Salima ta yi alwalarta a natse, ta yi salla, ta sa aka maida kiɗan ƙofar ɗakinta, a ƙasa. Da ta zo wucewa ta gaban turmin ta tsaya, ba ta dubi Zuliha ba. "Salla ta tada ni, ba katakonki ba." Ta yi gaba, ta waiwayo. "A kai wa Madam cinyar rago ɗaka. Ta baya."

Chaibu bai shigo ba. Ta hango shi ya doso, ya gan ta, ya rasa ko durƙusawa zai yi ko magana, ya juya kamar ya yi mantuwa. Labulen da ke tsakaninsu ya yage, kuma ta san ba a ɗinke irinsa.

Ta koma ɗakin Rahma ta zauna bakin gado. Daga waje tana jin Hafizu na tara falankan jikin katanga, ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai. Can ƙarar ta tsaya. Ta ji an tada moto. Kullum in suka haɗu a taro shi ke maida ta Maraɗi, sai ya leƙo ya ce, "Inna, direbanki ya shirya." Ta kasa kunne wajen ƙofa. Moton ya fita, ƙararsa ta yi nisa ta hanyar Maraɗi har ta ɓace.

Rahma ta gyara wa yaron kwanciya, ta dubi jakar uwarta, ta dubi hannuwanta da ba komai.

"Inna, ina kunun?"